Ina aka kafa ta, ina hedikwatarta? Amsa ga mai shirin jarrabawar neman aiki

Tambaya: Malam, ina shirin jarrabawar ɗaukar ma'aikata, kuma ƙungiyoyin duniya suna rikita ni. Na haddace su, amma da na ga zaɓi huɗu a takarda sai su cakuɗe mini. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, daina haddarsu ɗaya bayan ɗaya. Tara su gari-gari, domin yawancinsu a birane kaɗan suke zaune.

New York ce mazaunin Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka kafa ranar 24 ga Oktoba, 1945, mai ƙasashe 193, kuma nan asusun yara na UNICEF yake. Geneva ta ɗauki hukumar lafiya WHO, da ta ƙwadago ILO, da ta ciniki WTO, da ta 'yan gudun hijira UNHCR. Harkar abinci Roma: FAO da WFP. Ilimi da al'adu, wato UNESCO, Paris. Muhalli kuwa, UNEP, a Nairobi take.

Inda masu shirya tambaya suka fi kama mutane shi ne bambancin garin da aka kafa ƙungiya da garin da take zaune. OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, a Bagadaza aka kafa ta a 1960, amma hedikwatarta na Vienna, alhali Ostiriya ba mamba ba ce. Najeriya ta shiga a 1971. ECOWAS, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, a Legas aka sa hannu kan yarjejeniyarta ranar 28 ga Mayu, 1975, mazauninta kuwa Abuja. Tarayyar Afirka a Durban aka ƙaddamar da ita a 2002, ta gaji Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, OAU, ta 1963, tana zaune a Addis Ababa. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, taron Rabat na 1969 ne ya haife ta, amma Jidda take. Za ka tarar an sa garuruwan biyu cikin zaɓi, don haka karanta tambayar sau biyu kafin ka ɗora biro.

Kotuna biyu da ke birnin Hague ma suna kayar da ɗalibai ƙwarai. Kotun Duniya, ICJ, reshen Majalisar Ɗinkin Duniya ce, mai alƙalai 15, tana shari'a tsakanin ƙasa da ƙasa. Ita ta yanke hukuncin Bakassi tsakanin Najeriya da Kamaru a 2002. Kotun Hukunta Manyan Laifuka, ICC, kuwa ba reshen Majalisar ba ce, mutum take gurfanarwa kan kisan ƙare dangi da laifukan yaƙi. In tambaya ta ambaci iyaka, ICJ ce. In ta ambaci sammacin kama wani shugaba, ICC ce.

Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, da Bankin Duniya duk a Washington suke, duk daga taron Bretton Woods na 1944. IMF tana agaza wa ƙasar da kuɗin waje ya yi mata ƙaranci, Bankin kuma yana ba da rancen ayyukan raya ƙasa.

Kada ka raina na kusa da gida: Hukumar Tafkin Chadi a Njamena, Hukumar Kogin Neja a Yamai, Bankin Raya Afirka a Abidjan.

Ka kuma yi hattara da tsohon littafi. Hedikwata ba ta cika sauyawa ba, amma shugabanni da yawan mambobi suna sauyawa. ECOWAS da aka sani da ƙasashe 15 ta koma 12 bayan ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso a Janairun 2025. Irin waɗannan sai ka sake duba su ana saura mako guda jarrabawa.