Ƙananan boga masu cuku a tire ɗaya

Tambaya

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Ni amarya ce a Kaduna, watana bakwai da tarewa. Muna adashi da ƙawayena na makaranta, duk wata sai mu haɗu a gidan ɗaya daga cikinmu, wannan karon ni ce da ɗauka. Mu 14 ne, wasu da yaransu. Kowa samosa da cincin take yi, ni kuma ina son in canza. Na ga wasu ƙananan boga masu cuku da ake gasawa a tire ɗaya, na gwada mana ni da maigida, amma ƙasan burodin ya jiƙe sharkaf, cukun kuma ya ƙi narkewa. Ina na kuskure? Kuma zan iya yin su tun da safe in ajiye?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki. Kin yi dabara da kika fara gwadawa a kan mutum biyu kafin ranar taro.

Abin da kika gani Amurkawa ne ke kiransa silaida. Ƙaramin boga ya daɗe a wurinsu: tun 1921 gidan abinci na White Castle ya buɗe a garin Wichita na jihar Kansas a lokacin yana sayar da shi a kan santi 5 na dala, ɗan mitsitsi mai kusurwa huɗu, ana dafa naman a kan albasa. Na tire kuwa girkin gida ne, kuma burodin kamfanin King's Hawaiian ne ya sauƙaƙa shi, domin guda 12 yake zuwa a manne da juna, mai laushi da ɗan zaƙi. Ni na fara cinsa a gidan ɗiyar yayata a jihar Maryland ta Amurka, daren wasan ƙarshe na ƙwallonsu da suke kira Super Bowl. Falo cike da baƙi, amma ban ga ta tsaya gaban wuta tana juya nama ɗaya bayan ɗaya ba. Ta tura tire a obin ta dawo ta zauna da mu, bayan kwata ta ciro ta yanka. Abin da ya sa na riƙe girkin ke nan har yau. Na sha ganin uwargida ta tara mutane ta wuni a kicin da mai yana fallatsa mata, baƙi su ci su tafi ba ta zauna da kowa ba, kuma abin yana ci mini rai.

Ga ma'aunin tire ɗaya: ƙananan burodi 12 masu manne da juna, niƙaƙƙen naman sa rabin kilo, albasa babba 1, tafarnuwa ƙwaya 3, cuku mai yanka-yanka 10 zuwa 12, bota babban cokali 3, gishiri, masoro, dunƙule 1 da ɗan riɗi. Mata 14 da yara, ki lissafa wa kowa biyu ko uku. Tire uku za ki yi, guda 36, nama kilo ɗaya da rabi. Ki je gidan burodi kwana biyu kafin taron ki yi odar ƙananan, ki ce kada a raba su. A manne kike son su, don ki sa doguwar wuƙa ki tsaga duka 12 a kwance lokaci ɗaya, rabin sama ya zama murfi, rabin ƙasa ya zama shimfiɗa.

Nama shi ne wurin da zan daɗe. Ki gaya wa mahauci ya sa miki ɗan kitse, kamar kashi ɗaya cikin biyar. Tsoka zalla bushewa take yi a obin ta zama kamar igiya, kitse in ya wuce haka kuma shi ne zai nutsar da burodin. Ki tsaya a niƙa a gabanki, ki kuma duba injin a wanke yake. A gida sai ki soya albasar da ɗan mai har ta yi laushi ruwanta ya tsane, ki bar ta ta huce, sannan ki haɗa da naman da tafarnuwa da gishiri da masoro da dunƙule. Kada ki cuɗa shi kamar kwaɓin fulawa, yawan cuɗa yana sa shi tauri. Ki shimfiɗa shi a tire faifai guda, kaurin ɗan yatsa, ya ɗan fi burodin faɗi ta kowane gefe, don yana ƙanƙancewa a wuta. Obin ya riga ya yi zafi a kan digiri 180 na Salsiyas, ki ba shi minti 18 zuwa 20.

Idan kin ciro za ki gan shi yana iyo cikin ruwa da mai. Ina kyautata zaton a nan kika yi kuskuren farko, wato kika ɗora shi haka nan a kan burodi. Ki karkata tiren ki tsiyaye ruwan tas a kofi, yana da daɗi a miya, kada ki zubar. Ki sa tsaftataccen tishu na kicin ki dangwale saman naman da ƙasansa. Yayin da yake shan iska, ki tura rabin burodin na ƙasa a obin minti 4 ko 5, fuskarsa ta ɗan bushe. Sannan ki jera: cuku a kan burodin da farko, nama a kai, wani cukun a kan naman, sai murfi. Wannan cukun na ƙasa katanga ne tsakanin nama da burodi. In cuku ya yi tsada, gara ki rage na sama da ki cire na ƙasa. Tumatir da latas da kokwamba da mayonis da kecop kuwa ba sa shiga obin ko kaɗan. Ki jera su a faranti a gefe, kowa ta buɗe nata ta sa abin da take so.

Sai batun cukun da ya ƙi narkewa. Ba ki faɗi wanda kika saya ba, amma ba kowane cuku ne ke narkewa ba. Namu na Fulani, wanda ake daskarar da madararsa da tumfafiya, ai soya shi ake yi a mai ya fito da siffarsa. Busasshen cukun da ake kawowa daga Nijar shi ma haka, na tauna ne da shayi. Mai kusurwa uku da ake shafa wa yara a burodi laushi kawai yake yi. Ki nemi cheddar mai yanka-yanka, wanda ya samo sunansa daga wani ƙauye a Ingila, shi ne mai ɗanɗano. In kina son wannan jan da kike gani yana miƙewa a bidiyo, ki haɗa da mozzarella. Ki fito da shi daga firij minti 15 kafin ki yi amfani da shi.

Ko da cukun kirki ne, ba zai narke ba in kin gasa a buɗe, domin saman burodin zai ƙone kafin zafi ya kai tsakiya. Ki narka botar da ɗan tafarnuwa, ki shafe murfin, ki barbaɗa riɗi. Ki rufe tiren da foyil, minti 10 a obin, sannan ki yaye ki ƙara minti 3 zuwa 5 har saman ya yi ja. Ki bar shi ya sarara minti 3 kafin ki bi layin burodin ki yanka. Ni nakan barbaɗa yajin tsire a kan naman tire ɗaya daga cikin ukun, kuma shi ne ke fara ƙarewa. Amma ki sanar da baƙi, saboda akwai ƙuli-ƙuli a ciki, wasu yaran gyaɗa na tayar musu da ciwo mai tsanani.

Game da yi tun da safe, naman za ki iya gasawa da safe ko ma daren jiya, ya huce ki rufe ki sa a firij. Haɗawa da burodi kuwa sai kin ji sallamar baƙin farko. In naman daga firij ya fito, ki ƙara minti 5 a kan lokacin da yake rufe. Kada ki gasa tire ukun tare, ki riƙa fito da su bi da bi don kowa ta samu da zafi.

Wani abu da ba na wasa da shi: niƙaƙƙen nama ba kamar tsire ba ne. Ƙwayoyin cutar da ke bayan nama, niƙa yana shigar da su har ciki, don haka dole ya dahu har tsakiya. Ma'aikatar noma ta Amurka ta sa ma'aunin a digiri 71. In ba ki da abin awo, ki tsaga tsakiyar faifan, kada ki ga ja ko jini-jini. Kuma kada ya wuce awa biyu a tebur, in zafin gari ya haura digiri 32 kamar yadda yake yi a bazara, awa ɗaya. A cikinku ba za a rasa mai juna biyu ba.

Tambaya

Anti, ni ɗalibi ne a Maraɗi. Abokaina sukan taru a ɗakina kallon ƙwallo. Ƙaramin gas kawai gare ni, ba obin. Akwai yadda zan yi?

Amsa

Akwai, ɗana. Ka soya naman a kasko da albasa kana farfasa shi da cokali har ruwansa ya ƙone, ka tsiyaye man, ka sa mayonis cokali 2 ka juya don ya kama jikinsa kada ya riƙa zubowa. Ka samo babbar tukunya mai kauri, ka zuba yashi mai tsabta a ƙasa kamar yadda iyayenmu ke gasa kek, ka rufe ta yi zafi minti 10. Ka jera burodi da cuku da nama a farantin ƙarfe, guda 6 a lokaci ɗaya, ka ɗora a kan yashin ka rufe, wuta can ƙasa. Ka leƙa bayan minti 8. Saman ba zai yi ja kamar na obin ba, amma cukun zai narke. Kafin ka haɗa, ka kifa murfin burodin a kasko da ɗan bota ya ɗauki launi, kuma ka fara ɗora tukunyar minti 20 kafin a tafi hutun rabin lokaci.