Me Ya Sa Kwamfuta Ta Ce Ba Ta Ga Fayil Ɗin Da Ke Gabanta Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne da na fara koyon Linux kwanan nan. Na rubuta ɗan jerin umarni a cikin fayil, na sa masa suna gaisuwa.sh, amma da na buga sunansa, alhali ina cikin foldar da yake, sai allo ya ce "command not found". Wani abokina ya ce in sa ./ kafin sunan, sai saƙon ya koma "Permission denied". Ina kuskuren yake?
Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau, kuma saƙonnin nan biyu matsaloli ne daban-daban.

Manhajar da ke karɓar abin da ka buga ita ake kira shel, kuma a yawancin kwamfutocin Linux wadda ake samu ita ce Bash, wadda Brian Fox ya rubuta wa aikin GNU, ta fito a 1989 domin maye gurbin ta Stephen Bourne ta 1979. Idan ka ba ta suna, takan fara duba ko laƙabi ne da aka yi wa wani umarni, ko aiki ne da ka riga ka koya mata, ko kuma yana cikin umarnin da ke jikinta, irin su cd, umarnin sauya folda. Idan ba ta same shi nan ba, sai ta koma ga wani jerin foldodi mai suna PATH, ta bi su ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama, ta ɗauki na farkon da ta tarar. Buga echo $PATH za ka ga irin su /usr/local/bin da /usr/bin da /bin, an raba su da ɗigo biyu. Foldar da kake tsaye a ciki ba ta cikin jerin, shi ya sa shel ba ta ko leƙa ta ba.

Da gangan aka yi haka. A ce wani mugu ya ajiye fayil mai ɓarna a foldar da kowa ke shiga, ya sa masa suna ls, wato sunan umarnin da ke nuna fayilolin folda; da a ce shel tana fara duba inda mutum yake, duk wanda ya shiga wurin ya nemi ganin fayiloli, tarkon ya kama shi. Wanda ya saba da Windows yakan yi mamaki, domin tsohuwar shel ɗinta, cmd, tana fara dubawa ne a foldar da ake ciki, kodayake sabuwar, PowerShell, ta bar wannan ɗabi'a. Akwai masu ba da shawarar a ƙara ɗigo a cikin PATH don a huta, ni kuwa ban goyi bayan haka ba. Shawarar abokinka ita ce daidai, domin ɗigon yana nufin "nan inda nake", kuma da zarar suna ya ƙunshi alamar / shel takan bar bincike ta nufi wurin kai tsaye.

Saƙo na biyu yana nufin an ga fayil ɗin, amma ba shi da izinin gudana, wanda ba a ba sabon fayil sai an nema. Buga chmod +x gaisuwa.sh sau ɗaya ya wadatar. Idan kuma ka buga bash gaisuwa.sh, zai yi aiki ko babu izinin, tunda Bash ce ke gudana, fayil ɗin karanta shi kawai take yi.

Saura abin da ke faruwa bayan nan. Shel takan tsaga kanta gida biyu, ɗaya ta zauna jira, ɗayar ta roƙi zuciyar tsarin, wato kanel, ta loda fayil ɗin a madadinta. Kanel sai ta dubi farkon fayil ɗin. Idan ta ga alamar #! sai ta kira manhajar da aka ambata a layin, ta miƙa mata shi. Don haka ka sa #!/bin/bash a layin farko, ba tare da ko tazara ɗaya kafinsa ba. Wutsiyar .sh ba ta da wani tasiri a wurin kanel, don mutane kawai ake sa ta. Ka kuma kiyayi fayil da aka rubuta a Windows, domin ɓoyayyen harafin da ke ƙarshen layukansa yakan manne wa sunan Bash, a ce maka "bad interpreter".

Idan kana son kiran fayil ɗin daga ko'ina, ka buɗe folda mai suna bin a gidanka na kwamfutar, wato foldarka ta kanka da ake kira $HOME, ka zuba shi ciki, sannan ka ƙara layin export PATH="$HOME/bin:$PATH" a fayil ɗin .bashrc, ka sake buɗe tagar umarni. Buga type gaisuwa.sh zai nuna maka daga wace folda shel ta ɗauko shi.