Fanfar a lise: da wane kaya za a fara?

Tambaya: Ni malami ne a wani lise a Tawa. Iyayen yara sun haɗa mana ɗan kuɗi mu kafa fanfar, wato rukunin masu busa da masu ganguna. Na ji a Amurka makaranta guda tana da rukunin makaɗa har uku. Mu ma haka za mu yi? Kuma me za mu fara saya?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Abin da ka ji gaskiya ne. A can akwai masu busa suna maci a filin wasa, akwai masu zama a zaure suna bin takarda, ga kuma 'yan jaz. Amma su darasi ne cikin jadawalin aji, da malaminsa na musamman. Kai da sai an tashi za ka tara yara, rukuni ɗaya ya ishe ka, na maci.

Fara da ganguna: babba ɗaya, ƙanana 'yan kaɗan, da faifan tagulla. Su ne masu arha, kuma su ke riƙe taku. Daga nan sai kayan busa na ƙarfe, turumpet da turombon. Kilarinet kuwa ka dakata. Na katako ba ya shiri da hunturunmu, bushewar iska tana tsaga shi, sannan ɗan harshen karan da ke bakinsa kullum cikin sauyi yake. In ya zama dole, a sayi na roba. Ƙarfe ma yana da tasa fitinar. Ƙura ta shiga maɓallan turumpet ukun nan, sai ka ga yaro ya danna, maɓalli ya ƙi dawowa. Man maɓalli ake ɗiga masa, ban da man gyaɗa, ban da na inji. Ka ware kuɗinsa tun yanzu, don a nan fanfar da yawa ke mutuwa, kaya na jibge a ofishin darakta.

Wani abu da ke rikita sabon malami: in mai turumpet ya busa sautin Do na takardarsa, abin da ke fita shi ne Si bemol na fiyano, wato sautin da ke ƙasa da Do kaɗan. Ba kuskuren yaro ba ne, haka aka ƙera abin, kowa da takardarsa.

Ɗauki 'yan ajin farko na lise. 'Yan ajin ƙarshe jarrabawar BAC za ta ƙwace maka su kafin leɓensu ya ƙware. Abin da za su fara koyo shi ne sabon taken ƙasa na 2023, don shi za a nema ranar 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya.

In fanfar ta tsaya da ƙafarta, rukuni na biyu ya zama namu na gida: algaita, kalangu, gurmi. Kada ka cusa su cikin fanfar da gaggawa, don muryar algaita ba ta bin ma'aunin fiyano. Ka nemi makaɗin gari ya koyar, a biya shi haƙƙinsa. Don horon mai jagora kuwa, ka tuntuɓi cibiyar kiɗa ta CFPM Taya a Yamai.