Amsa ga kofur mai gaggawar zama laftana

Ka tambaye ni, ƙanena, abin da ake nema daga hafsa a rundunarmu ta Arma 3, wasan yaƙi na kwamfuta, da kuma dalilin da ya sa har yanzu kana kofur alhali, a cewarka, babu wanda ya kai ka yawan harbe abokan gaba a sashenku. Da wani ne ya aiko da wannan tambaya, da na ce masa ya je ya karanta kundin dokoki ya ƙyale ni, amma wannan alfahari da yawan harbi ya tuna mini da wani mutum, kuma tun da kai ka tayar da maganar sai ka yi haƙuri ka ji ta.

Ba zan tsaya koya maka karanta taswira, ko saita rediyo a manhajar magana ta TeamSpeak, ko ɗaure rauni a tsarin jinya na ACE da ake ƙara wa wasan ba, domin wanda bai iya waɗannan ba ko kurtu bai gama ba. Abin da ku yaran yanzu ba ku gane ba, ku da kuka taso da wasannin waya da ake gamawa cikin ɗan lokaci, shi ne cewa wannan wasa da kamfanin Bohemia Interactive na ƙasar Czech ya fitar a 2013 an gina shi ne a kan fili mai faɗi. Tsibirin Altis na cikin wasan kaɗai ya kai murabba'in kilomita 270, kuma a irin wannan fili ba a bukatar laftana ya harba ko harsashi ɗaya. Aikinsa yana kan rediyo mai dogon zango: ya san inda kowane sashe yake, ya san wanda harsashinsa ya kusa ƙarewa, ya kira jirgi ya kwashe masu rauni. Kafin nan kuma shi zai rubuta umarnin aiki mai sakin layi biyar, daga bayanin halin da ake ciki har zuwa tsarin sadarwa, bayan an tashi kuma ya zauna ya rubuta rahoto lokacin da kowa ya tafi barci.

Mutumin da nake nufi saje ne, kuma gaskiya ban taɓa ganin maharbi kamarsa ba, ga shi da zaƙin baki. Manyanmu suka ce a tsallake masa watannin gwaji a ba shi laftana, wai don kada wata runduna ta janye shi. Na ce ban yarda ba, domin ban taɓa ganin ya tsaya ya koyar da sabon shiga ba, kuma ban taɓa ganin rahoton da ya rubuta da hannunsa ba. Aka ce mini na cika tsauri irin na tsofaffi. Aka ba shi muƙamin, aka haɗa masa da kalmar sirri ta sabar da muke haya, wato kwamfutar da wasanmu ke gudana a kanta, da ma'ajiyar ayyukan yaƙi, har da karɓar gudunmawar wata-wata da 'yan runduna ke bayarwa.

A lokacin ina tsakiyar wani dogon yaƙi da na tsara da hannuna a Altis, gari bayan gari, kowane shingen bincike da kowace motar abokan gaba ni na dasa su a inda suke. Ranar Asabar da dare aka ba shi ayarin motoci ya fita da shi daga garin Kavala zuwa babban filin jirgin sama, ni kuma ina kujerar Zeus, wato ta mai sarrafa fagen wasan, ina kallon komai daga sama. Da aka yi musu kwanton ɓauna a wata kwana, sai na ga ɗigon da ke nuna laftana ya bar motar umarni ya ruga gaba, domin ya hango inda zai yi suna. Minti biyu bai yi ba aka kwantar da shi. Saje uku suna ta kira a rediyo babu mai amsawa, likita ya ƙarar da bandejinsa a kan mutum ɗaya, motocin baya kuwa suka yi ta shigowa cikin wuta ɗaya bayan ɗaya saboda babu wanda ya ce musu su tsaya. Dokar wannan dare rai ɗaya ne ga kowa, ba a dawowa. Mutanen da suka sayi data, wasu ma suka sayi man janareta don kada a ɗauke musu wuta ana tsakiyar aiki, suka ƙare da kallon allo tun ba a kai ko'ina ba.

Da aka kira shi domin bin bahasi, bai zo ba. Washegari muka wayi gari an canja kalmar sirri, ya kwashe ayyukan da na tsara ya goge na ma'ajiya, kuɗin hayar sabar na wannan wata kuma babu labarinsu. Ya ja samari da dama ya kafa tasa rundunar, ya naɗa wa kansa janar, ya riƙa buga yaƙin da na tsara da sunansa a kai. Waɗanda suka ce na cika tsauri babu wanda ya zo ya ba ni haƙuri har yau, sai dai ɗaya daga cikinsu da ya ce ai wasa ne kawai. An ba kura ajiyar nama, sannan aka ce wa mai naman ya yi shiru.

Tun daga nan na sa aka rubuta sharuɗɗan da kake ƙorafi a kansu. Ba a ba mutum laftana sai ya riƙe sashe a matsayin saje, sai kujera ta zama babu kowa a kanta, sai kuma ya nuna mana wanda ya horar da zai gaje shi a sashen. Ana duba rajistar halarta, musamman ranakun horo da babu harbi a cikinsu, ana kuma duba ko yana sanar da uzuri tun da wuri. Kalmar sirri kuwa ba ta bin muƙami, sai wanda ya daɗe aka ga riƙon amanarsa.

Na duba taka rajistar. Ranakun yaƙi ba ka fashi, amma horon sababbin shiga ban ga sunanka ba, kuma sajenka ya ce kana yawan cika rediyo da surutu. Ranar Asabar ka shigo awa ɗaya kafin kowa, ka zo da umarnin aiki na sashenku a rubuce. Za ka jagoranci mutum huɗu, ni kuma zan saurari tasharku daga farko har ƙarshe.