Tambaya da Amsa: In sayar da gadona a birnin Zariya in koma bayan garin Kaduna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, amma iyalina suna cikin birnin Zariya, a sashen da na gada a gidanmu da ke Kwarbai. A da kullum nake zuwa aiki in dawo, amma tun da man fetur ya yi tsada sai na koma kwana a Kaduna daga Litinin zuwa Juma'a. Yanzu na samu fili a wata sabuwar unguwa a bayan garin Kaduna, abokan aikina kuma suna ba ni shawara in sayar da kasona na gado in gina can. Gidanmu ginin ƙasa ne, mota ba ta shiga lungunmu, ruwan famfo kuma sai jefi-jefi. Sai dai yarana uku da ƙafa suke zuwa boko da Islamiyya, mahaifiyata ma tana tare da mu. Maiɗakina ba ta ce komai ba tukuna. Mene ne shawararka?
Daga wani mai karatu, Kwarbai, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ka jero illolin gidan ɗaya bayan ɗaya kamar mai lissafin bashi, sannan ka ambaci zuwan yara makaranta da ƙafa daga ƙarshe, kamar zancen da ba shi da wani nauyi. A ganina wannan zance shi ne mafi nauyi a cikin wasiƙar, domin abu ne da kake mora kullum ba tare da ka biya ko kwabo ba, shi ya sa bai shiga lissafinka ba.

Birnin Zariya an tsara shi ne tun babu mota, a zamanin da ƙafa da jaki da doki su ne abin tafiya, saboda haka dole komai ya zauna kusa da mutum. A cikin ganuwa, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, daga Ƙofar Kuyambana zuwa Ƙofar Kona, da wuya ka sami unguwar da ba ta da masallacinta, da makarantar allo, da mai shago, da mai ƙosai a bakin lungu. Unguwar Juma da Kona sun yi suna da malamai, kuma ɗalibi yana iya zaga zauruka biyu ko uku tsakanin asuba da hantsi da littafinsa a hammata. Daga Kwarbai kana taka sayyada zuwa ƙofar fada da babban masallaci da kasuwar birni, kuma ranar hawan Sallah yaranka ba sa bukatar kuɗin mota kafin su ga dawakin Sarki. Jirgin ƙasa da ya iso wajen shekarar 1911 shi ya haifar da Sabon Gari, daga baya Tudun Wada ta cika, Jami'ar Ahmadu Bello kuma da aka buɗe a 1962 ta raya Samaru da Kongo, amma duk da wannan faɗaɗa cikin birni bai rasa wannan tsari nasa ba.

Ni a Tudun Wada na tashi, daga baya aiki ya kai ni wata sabuwar unguwa a gefen wani babban gari, inda na yi shekara huɗu. Gidan yana da kyau, da katanga mai tsawo da ƙofar ƙarfe, amma idan gishiri ya ƙare ana cikin girki sai an ta da mota. Ba na manta wani dare da zazzaɓi ya rufe ƙaramar 'yata, motar kuma tana wurin makanike. Na fito na tsaya a bakin ƙofa da yarinya a kafaɗa, na duba gabas na duba yamma, babu ɗan acaba, babu kemis, babu ƙofar da na san sunan mai ita balle in ƙwanƙwasa. A lungun da na tashi, kafin in gama saka takalmi da tuni maƙwabci ya tura babur ɗinsa waje.

Saboda haka kafin ka yanke shawara ka yi wani aiki mai sauƙi. Ka ba maiɗakinka takarda ta rubuta duk fitar da aka yi da ƙafa a gidan cikin mako guda: boko, Islamiyya, niƙa, cefane, sayen magani, kai wa tela ɗinki, barka, gaisuwar mutuwa. Sai ka ɗauki takardar ka je sabuwar unguwar ka tambayi nawa ɗan acaba ko mai keke napep zai karɓa a kan kowace fita, zuwa da dawowa, ka ninka da makonnin shekara. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta ci gaba da hawa, kuma kai da kanka ka shaida hakan tunda shi ya raba ka da kwana a gida. Tsadar da ta kore ka daga hanyar Kaduna tana jiran iyalinka a unguwar da ba a sayen allura sai an hau abin hawa.

Akwai kuma batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma dattijon da ke zuwa masallaci sau biyar da ƙafa, ya leƙa kasuwa, ya biya ta zauren abokinsa, ya cika wannan adadi ba tare da ya san an yi wata doka ba. Ko a ƙasashen da suka riga mu gina unguwannin mota an fara waiwaye. A Amurka tsofaffin unguwannin gefen manyan birane, waɗanda aka gina kafin mota ta yawaita, mutane na rububin zama a cikinsu saboda ana iya zuwa shago da makaranta da ƙafa, a birnin Paris na Faransa kuma hukuma ta rungumi manufar cewa kowa ya sami bukatunsa cikin tafiyar minti 15 daga gida.

Amma wanda wannan ƙaura za ta fi shafa ba kai ba ne, domin kai da safe za ka fita ofis. Ka tuna yadda lungunan birni suke tsakanin magariba da lisha, lokacin da mata ke fita unguwa da mayafansu, yaro a gaba riƙe da tocila, a leƙa gidan mai jego, a biya a gaida mara lafiya, a dawo kafin a rufe zaure. Wannan zirga-zirga ita ce zumuncin mahaifiyarka da maiɗakinka. Tsohuwar da ka ɗauke daga inda ake shigo mata da gaisuwa safe da yamma ka ajiye ta a bayan katangar da ba mai sallama, ka rage mata wani abu da fanka da tayil ba za su maye ba. Shirun maiɗakinka kuwa kada ka ɗauke shi a matsayin yarda. Ka zauna da ita ku tattauna, domin wataƙila ita ma ta gaji da cunkoson gidan yawa da layin kewaye, kuma idan haka ne maganarta tana da hujja.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙorafinka gaskiya ne. Lungun da mota ba ta shiga abin tsoro ne ranar naƙuda ko gobara, kuma ko da yake asibitin Gambo Sawaba yana nan Ƙofar Gayan, asibitin koyarwa yana can Shika, bayan Samaru. Kuɗin 'yan garuwa yana cin albashi, kwatamin da ya toshe kuma yana kiwon sauro. Kwana huɗu a mako ba ka gida shi ma rashi ne babba ga tarbiyyar yara, kuma ba zan ce ka koma bin hanya kullum ba, domin kusan kilomita 80 ne daga Ɗan Magaji ka bi ta Jaji da Birnin Yero da Mararrabar Jos har Kawo, tafiyar da take cin jiki ko da hanya ta yi kyau.

Shawarata ita ce kada ka sayar. Kaso a gidan gado ba kamar fili ba ne, in ya fita hannunka ba ya dawowa, kuma idan ba a raba gidan ba, a fiƙihun Malikiyya 'yan'uwanka suna da haƙƙin shufu'a, wato su ne suka fi cancantar saye kafin bare. Ku zauna da magada a rubuta iyakar kowa a gaban shaidu. Filin Kaduna ka riƙe shi, ka tabbatar da takardunsa a KADGIS, hukumar da ke kula da filaye a jihar Kaduna, ka kewaye shi, ka fara da ciki da falo a hankali domin kwananka na ranakun aiki. Kafin ka yi tunanin kai iyali kuwa, ka je unguwar a watan Agusta, ranar da aka yi ruwan sama aka ɗauke, ka ajiye mota, ka taka da ƙafa zuwa masallaci da firamare da kemis mafi kusa kana duba agogo, sannan ka sake yin haka bayan lisha.

TAMBAYA: Muna da soro na ƙasa da mahaifinmu ya bari a Unguwar Juma. Yayyena sun kasu biyu, wasu na cewa a rushe a yi na bulo, wasu na cewa a shafe shi da siminti a huta da yaɓe. Ni dai ba na son a rushe.
Daga wata mai karatu, Unguwar Juma.

AMSA: Malama, ina tare da ke, amma da sharaɗi. Ginin ƙasa na Zariya abin alfahari ne, domin a nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, da ginshiƙai da bakan gizo (ginin baka mai riƙe rufi) da masana gine-gine suka daɗe suna zuwa nazari. Sai dai a ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na wannan masallaci ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Tsohon gini yana bukatar ido a kansa kowace shekara, kuma son da kike masa ba zai riƙe rufi ba idan ba a duba shi.

Siminti a kan bangon ƙasa kuwa ba hutu ba ne. Ƙasa tana shan laima tana fitarwa, siminti kuma yana kulle laimar a ciki, sai bango ya riƙa rubewa a ɓoye har ranar da shafen zai ɓamɓaro gaba ɗaya. Magabata da makuba ta ɓawon ɗorawa suke yaɓe, rufi kuma su shafe shi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Ku nemo tsohon magini, ba birkila ba, ya hau soron tun cikin watan Maris ko Afrilu kafin ruwa ya sauka. Ya duba bakin azara inda ta shiga bango, domin nan take fara ruɓewa, ya share indararo ya tabbatar yana zubar da ruwa nesa da gindin gini, sannan ya bi duk tsagar da ya gani. Idan ya ce azara ta tafi ko bango ya buɗe daga tushe, to a fitar da masu kwana a ɗakin a ranar, kafin a ci gaba da shawarar gyara ko rushewa.