Ta yaya zan adana tarihin kakata da ta rasu a Kumasi?

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Hajiya. Kin ce daga Katsina aka kawo ta zangon Kumasi tana amarya, mijinta ya riga ta rasuwa da daɗewa, kuma kina tsoron labarinta ya ɓace.

Da tawa kakar ta rasu, tsofaffin ƙawayenta na fara nema. Ke ma ki je wa ƙawayen Hajiya da goro, ki nemi izini, ki kunna rikoda a waya. Kada ki tambaye su shekara, ba su riƙe ta ba. Tambayi abin da ya faru: tana ina da Ghana ta sami 'yanci a 1957? Da gwamnatin Firayim Minista Busia ta kori baƙi daga Ghana a 1969, ta tafi ko ta zauna? Daga nan lissafi zai fito.

Kuskuren da na yi, yabo kawai na tara: mai haƙuri, mai ibada. Alhali matar nan dariyarta har maƙwabta! Ki rubuta wasan jikan da Hajiya take yi muku, da Hausarta mai gauraye da Asante.

In kin tarar da wasiƙun ajami cikin adakarta, kai wa malamin da ya iya karanta su, kada ki yi hasashe.