Tsofaffin kaset ɗin Game Boy: wace na'urar zamani ce za ta karɓe su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gyaran ɗaki sai na ci karo da kaset goma sha ɗaya na Game Boy da yayana ya bar mini, har da Tetris da Pokémon Gold. Na'urar kanta ta daɗe da mutuwa. Ina ganin tallar ƙananan na'urorin gem na hannu a intanet. Wacce zan saya in ci gaba da buga kaset ɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka fitar da ko sisi, duba bayan na'urar da ake tallar, ka ga ko tana da ramin zura kaset. Galibin masu arahar nan, irin su Anbernic da Miyoo Mini, ba su da shi. Wasanninsu a katin memori suke, manhaja ce ke kwaikwayon tsohuwar na'urar. Suna da daɗin wasa, amma kaset ɗin yayanka ba su da abin yi da shi. Haka Evercade ta Ingila: tana cin kaset, sai dai nata na kanta kawai.

Waɗanda za su yi maka aiki su ne masu guntun lantarki da ake kira FPGA. Shi wannan guntu ana iya tsara hanyoyin wutar cikinsa su zama kamar na Game Boy ɗin da Nintendo ta fitar a 1989. Saboda haka idan ka zura kaset, na'urar tana karanta shi kai tsaye, kamar yadda ta asali take yi. Saurin wasan da sautinsa su zo daidai, ka danna maɓalli ya amsa nan take. Wanda ya saba da Tetris idan tubalan sun fara zubowa da gudu ya san darajar wannan.

Biyu ne suka fi suna. Analogue Pocket, ta wani kamfanin Amurka, ta fito a Disamban 2021 a kan dala 200, daga baya ta ƙara tsada. Tana karɓar kaset na Game Boy da Game Boy Color da Game Boy Advance, kuma da mahaɗi na musamman tana karɓar na wasu tsofaffin na'urorin hannu, Game Gear da Atari Lynx da Neo Geo Pocket Color. Allonta inci 3.5 ne mai ɗigo 1600 a kwance, 1440 a tsaye, wato ninki goma cif na allon Game Boy mai 160 da 144. Shi ya sa hoton yake fitowa tas, babu miƙewa babu karkata. Da USB-C ake cajinta.

Ta biyun ita ce Chromatic ta kamfanin ModRetro, wadda ta fito a ƙarshen 2024 a kan dala 199. Jikinta ƙarfe ne, allonta 160 da 144 ne kamar na asali amma mai haske, kuma batir AA uku take ci. Game Boy da Game Boy Color kaɗai take karɓa. Don haka baje kaset ɗinka ka duba: in akwai gajeru masu faɗi, na Advance ne, Pocket ce taka. In duka dogaye ne, ni Chromatic na fi so a hannu, don ta fi kama da abin da muka taso da shi. Ka lissafa da kuɗin aikowa da na kwastan.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne Pokémon Gold ɗin nan. A cikin kaset ɗin akwai ɗan batir mai kamar kwabo, CR2025, shi ke riƙe inda mai wasa ya tsaya, shi ne kuma ke tafiyar da agogon wasan dare da rana. Agogon nan yana shanye shi da wuri, kuma kaset ɗin ya haura shekara ashirin. Idan batirin ya mutu, wasan zai tashi lafiya lau, amma da ka kashe na'ura duk abin da ka tara ya tafi. Mutane da yawa sun zargi sabuwar na'urarsu a kan wannan, alhali laifin yana cikin kaset. Mai gyaran waya zai iya sa maka sabo da dalma, sai dai sukurun bayan kaset ɗin yana buƙatar mabuɗi na musamman mai milimita 3.8. Idan kuwa ka kunna ka tarar wasan yayanka yana nan da rai, kada a taɓa batirin tukuna, domin cire shi zai goge komai. A fara kwafe shi zuwa kwamfuta da na'ura irin GB Operator. Tetris ba shi da batir, babu ruwansa da wannan.

Kuma don Allah kada ka hura kaset da baki yadda muka saba muna yara. Danshin numfashi yana sa haƙoransa, wato 'yan ƙarafan da ke bakinsa, tsatsa. Sami auduga a tsinke, ka ɗan jiƙa ta da sifirit irin wanda masu gyaran waya ke wanke fanel da shi, ka goge haƙoran har audugar ta daina baƙi, ka bari ya bushe kafin ka zura.